Allura Ma Ƙarfe Ce: Kujerun Gwamnati Da Maganar Sukuru

Duk wanda ya taɓa leƙa bayan ajujuwa a makarantunmu na ƙasar Kankiya da Kusada, ko ɗakin ajiya na ofisoshin ƙaramar hukuma, ya san irin tsibin karyayyun tebura da bencina da ake jibgewa a can. In mutum ya tsaya ya duba da kyau zai tarar katakon bai ruɓe ba, gara ba ta ci shi ba, ƙarfen ma lafiya lau. Mahaɗar ce ta saki. Watau abin da ya kwantar da tebur na dubban naira shi ne ƙusar da ba ta kai kuɗin goro ba.

A da, kafinta a kasuwar Kankiya yakan fafe katako ya cusa wani cikin wani, ya sa gam, ya buga ƙusa. Yanzu kuwa yawancin kayan ofis suna zuwa ne a kwance cikin kwali daga Kano ko Legas ko ƙasar Sin, sai an kawo su wurin aiki a harhaɗa. Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1859 wani kafinta Bajamushe mai suna Michael Thonet ya fito da kujerarsa mai lamba 14, wadda ake haɗawa da katako guda 6, da sukuru 10, da noti 2, ana kuma shirya kujeru 36 a akwati ɗaya a aika ko'ina a duniya. A shekarar 1956 kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ya soma sayar da teburin da ake cire wa ƙafafu, don mai saye ya haɗa da kansa a gida. Masu wannan sana'a sun san cewa ran kayan yana ga sukurun, don haka suke auna kowane ɗaya su ƙulla shi a 'yar leda tare da takardar bayani.

To, a nan ne muke yin tuntuɓe. Kaya sun iso, ledar ta ɓace a hanya ko ta yi ƙaranci, sai a aiki yaro kasuwa ya sayo "irin wanda ya samu". Alhali kuwa allon waɗannan kaya ba katakon itace ba ne. Garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse da inji, kaurinsa yawanci milimita 15 zuwa 18. Ba shi da jijiya irin ta maɗaci da za ta riƙe ƙusa. In aka buga masa ƙusa da hamma sai ya marmashe ta ciki, in aka sa masa siririn sukuru mai ƙananan haƙora sai ya zare kamar an zare tsinke daga tuwo.

Sanin abin da ya dace ba ya bukatar digiri. In za a haɗa gefen allo da fuskar wani allo, kamar jikin kabad, akwai sukuru mai kauri da manyan haƙora da aka ƙera musamman don wannan, kaurinsa milimita 7, tsawonsa 50, kuma dole a fara huda masa rami na milimita 5 kafin a murɗa shi. In alluna biyu masu kaurin 18 za a manna fuska da fuska, sukuru mai tsawon 30 ya isa, wanda ya wuce 36 kuwa zai ɓullo ta ɗaya gefen ya yagi rigar ma'aikaci ko hannun ɗalibi. Maƙalin ƙofar kabad yana son gajere, mai tsawon kamar 16. Teburin 'yan makaranta mai ƙafar ƙarfe kuma bai kamata a ba shi sukuru ba sam: bol da noti yake so, mai kaurin milimita 6, da washa, domin yara uku ko huɗu ne za su yini suna jijjiga shi. Baƙin sukurun nan mai araha da ya cika kasuwa, don kafa silin aka yi shi, ƙarfensa gautsi gare shi, da ya ji nauyi sai ya ƙarye. Araha dai ba ta ado.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa hukunci. Hunturu yana busar da katako ya tsuke, damina ta kumbura shi, shi ya sa ƙusar da aka buga a watan Agusta take rawa a watan Janairu. Sukuru da noti kuwa ana iya ƙara ɗaure su. Allon garin katako in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa, saboda haka ajin da rufinsa ke yoyo bai cancanci irin wannan kaya ba tun farko.

Wani zai ce wannan maganar kafintoci ce, ba ta shafi ma'aikacin ofis ba. Mun ƙi wannan ra'ayi. Tun shirin ilmin firamare kyauta na shekarar 1976, har zuwa dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004, kuɗin jama'a ne ake zubawa a kujerun makarantu. Ma'aikaci ne yake rubuta takardar kwangila, shi ne kuma yake sa hannu cewa kaya sun iso lafiya. In takardar ta ce "tebur 200" kurum, ba ta faɗi kaurin allo da irin mahaɗa ba, ɗan kwangila bai karya wata doka ba in ya kawo mafi arha. Yaron da ya koma zaman ƙasa bayan zango biyu shi ne ya biya bashin.

Saboda haka muna kira ga hukumomin ilmi na Kankiya da Kusada, da sassan ayyuka na ƙananan hukumomin biyu, da su riƙa rubuta irin sukuru da bol da awonsu a cikin kowace takardar kwangila. Kada mai kula da sito ya sa hannu sai an kwance tebur ɗaya a gabansa an ga abin da ke ciki. A tilasta wa ɗan kwangila ya bar rarar sukuru da noti a kowace makaranta, a kuma ba kowane hedimasta sukudireba da sifana, a ware yini ɗaya a farkon zango manyan ɗalibai su bi tebura suna ɗaurewa. Garin da aka san shi da masana'antar ƙarfe kamar Kankiya bai rasa maƙera da kafintocin da za su koya musu wannan cikin awa guda ba.

Ɗalibai kuma, ku ne masu zama a kan kujerun, ku ne gobe masu sa hannu a takardun. Wanda ya ji teburinsa ya soma rawa ya faɗa wa malami tun ƙafar ba ta fita ba. Allah ya sa mu gyara.