“Da Sauƙi” Ba Ta Aiki A Kan Dutsen Kilimanjaro

Tun da na dawo daga Tanzaniya wasunku ke tambayata yaushe zan sa hoton da na ɗauka a ƙololuwar Kilimanjaro. Na yi ta kewaye-kewaye, to yau ga amsa: babu hoton, domin ban kai ƙololuwar ba. Saura tafiyar dare ɗaya aka juyo da ni. Abin da ya juyo da ni shi nake so mu tattauna a wannan mako, don ya shafe mu duka, har wadda ko Dutsen Dala ba ta taɓa hawa ba.

Kilimanjaro yana arewa maso gabashin Tanzaniya, kusa da iyakar Kenya, kuma duk Afirka babu dutsen da ya kai shi tsayi: mita 5,895 daga saman teku. Don ku gane, Kano da nake zaune ba ta kai mita 500 ba, Jos wajen 1,200 ce, Chappal Waddi na jihar Taraba kuwa, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Ƙololuwar ana kiranta Uhuru, wato 'yanci da harshen Suwahili, sunan da aka raɗa mata bayan Tanganyika ta samu mulkin kai a 1961. Hawansa ba ya buƙatar igiya ko wata gwaninta, tafiyar ƙafa ce ta kwanaki. Wannan sauƙin ne ke yaudarar mutane.

Adashen shekara biyu na zuba a tafiyar nan. Da na gaya wa Innarmu, kallona ta yi ta ce, “Ke da 'ya'ya biyu, me kika ajiye a kan dutse?” Maigidana ya amince, amma da sharaɗi ɗaya: in jiki ya ƙi, in sauko. Na ce masa, “Haba, ni da nake nas?” Wata huɗu ina tafiyar asuba da jaka a baya, a wurin aiki kuma na daina kewaye matattakala.

Mu shida muka tashi daga garin Moshi, muka bi hanyar Machame ta kwana bakwai. Dokar gandun ba ta yarda kowa ya hau ba tare da jagora mai lasisi ba, don haka muna tare da jagorori, da mai dafa abinci, da 'yan dako. Su ne ke ɗaukar tantuna da tukwane da abinci, kuma a bakin ƙofa ake auna kayan kowanensu don kada ya wuce kilo 20. Za su wuce mu a hanya da kaya a ka, kafin mu iso sun kafa tanti sun ɗora ruwan shayi. Duk wadda ta je, kada ta yi musu rowa wajen ihsani, don a kan wuyansu tafiyar take.

Ranar farko daga ƙofar Machame, wajen mita 1,800, cikin daji mai duhuwa da laka muka yini, muka kwana a kusan mita 3,000. Rana ta biyu bishiyoyi suka gajarce har suka ƙare, muka kwana a Shira, wajen 3,800, gajimare na ƙasa da mu. Rana ta uku muka hau Lava Tower, wajen 4,600, muka ci abinci, sannan muka gangaro Barranco muka kwana a kusan 3,900. Da gangan ake yin haka: a hau sama da rana, a kwana ƙasa da dare, don jiki ya saba. Kalmar da jagorori ke maimaitawa daga safe har yamma ita ce “pole pole”, wato sannu-sannu. Tafiyar kamar ta masu rakiyar amarya.

Zaman tanti kuwa, sai wadda ta gani. Wanka babu, sai ɗan ruwan ɗumi a roba safe da yamma. Da rana ta faɗi sanyi ke saukowa, irin wanda hunturunmu bai kama ƙafarsa ba. Da asuba za ki ga raɓa ta daskare a jikin tanti. A cikin bargo mai zif kamar buhu ake kwana, da safa biyu da hula, wayarki ma a ciki za ki cusa ta don sanyi na cinye caji. Ana so ki sha ruwa lita uku zuwa huɗu a yini, ga bayan gida can nesa, sai kin kunna fitilar goshi kin fita cikin iska. Mata kuma mu riƙa lissafin kwanakin al'ada, mu tafi da auduga da jakar zuba wadda aka yi amfani da ita, don ba a barin shara a kan dutsen.

Yanzu bari in sa farar rigata ta aiki. Yadda mutum ke yin sama, haka iska ke yin shara-shara. A ƙololuwar Kilimanjaro, kowane numfashi kusan rabin iskar oksijin da ake samu a bakin teku yake kawowa. Jiki na iya sabawa, amma sai an ba shi kwanaki. In aka yi masa gaggawa, daga wajen mita 2,500 ciwon tsauni na iya farawa: ciwon kai, tashin zuciya, rashin cin abinci, jiri, kasala, rashin barci. In aka tsaya aka huta, yawanci yana lafawa. In aka ci gaba da hawa da shi, yana iya rikiɗewa zuwa ɗaya daga cikin abu biyu masu kisa. Na farko ruwa ya taru a huhu: numfashi na sarƙewa ko mutum yana zaune, ga tari, wani lokaci da kumfa. Na biyu ƙwaƙwalwa ta kumbura: mutum ya riƙa tangaɗi, magana na ruɗewa, barci na fizgarsa. Masana sun ce bayan mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya, amma yawancin hanyoyin Kilimanjaro sun fi haka sauri. Kuma ciwon nan bai san mai ƙarfi ba. Matashi mai motsa jiki ma yana kama shi.

Duk wannan na san shi kafin in bar gida. Ni ce ma na karantar da abokan tafiyata.

Kullum da daddare jagoranmu zai zo tantin cin abinci, ya maƙala mana 'yar na'urar auna oksijin a yatsa, irin wadda nake maƙala wa marasa lafiya, sannan ya tambayi kowa: kai fa? Ciki fa? Kin ci abinci? A Barranco kaina ya fara sarawa, na sha farasitamol na ce lafiya lau. Washegari muka haye katangar Barranco muka sauka Karanga. A daren na yi amai sau biyu a bayan tanti, na rufe da ƙasa. Da aka tambaye ni, na ce da sauƙi. Abin da ke raina shi ne kuɗin adashen nan, da maganar Inna, da 'yata mai shekara takwas da ta riga ta gaya wa 'yan ajinsu Ummanta za ta hau dutsen da ya fi kowane tsayi a Afirka.

Rana ta biyar muka isa Barafu, sansanin ƙarshe, wajen mita 4,670. Barafu na nufin ƙanƙara. Daga nan ake tashi tsakar dare, a kai ƙololuwa da hantsi. Da yamma na kasa ɗaure igiyar takalmina, ina kallonta kamar ban taɓa ganinta ba. Jagoran yana tsaye yana kallona. Ya ja layi a ƙasa da sandarsa, ya ce, “Dada,” wato 'yar'uwa, “bi wannan layin, diddige na taɓa yatsu.” Taku uku na yi na karkace. Ya ce in sake. Na sake karkacewa.

Na fara yi masa bayani cewa ni ma'aikaciyar jinya ce, gajiya ce kawai. Bai yi musu da ni ba. Ya tambaye ni, in mara lafiyata ce ta yi wannan tangaɗin, me zan ce mata? Na yi shiru, sai hawaye.

A daren muka gangaro, mataimakinsa riƙe da hannuna, wani ɗan dako ɗauke da jakata. Muna saukowa muna hango fitilun goshin masu hawa sun yi layi a cikin duhu. Kafin mu kai sansanin Mweka, wajen mita 3,100, ciwon kan ya sassauta, hankalina ya dawo, har na nemi shayi. Babban maganin ciwon tsauni ke nan: sauka, kuma tun da wuri. Da na dage na bi ayari a daren nan, Allah kaɗai ya san a wane hali za a sauko da ni.

Ga wadda ke da niyya, ko ɗanta ko ƙaninta ya zo mata da wannan zance, ga abin da zan ce. A zaɓi hanya mai kwanaki da yawa, bakwai ko takwas kamar Machame ko Lemosho. Arahar gajeriyar hanya a jiki ake biyanta. A ga likita tun kafin a sayi tikiti. Akwai maganin da ake kira acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, yana taimaka wa jiki sabawa, amma yana sa yawan fitsari da jin tsuwa-tsuwa a yatsu, kuma ba a shansa sai da shawarar likita. Mai ciki ta haƙura. Mai ciwon zuciya ko huhu ko hawan jinin da bai daidaita ba, sai abin da likita ya ce. Gandun ba ya barin yaro ɗan ƙasa da shekara 10 ya hau ƙololuwa.

Sai abin da ya fi shafarmu a nan: a san jinsin jini. Mai sikila, wato SS, wannan tsayin haɗari ne babba a gare shi, don ƙarancin oksijin na tayar da ciwon. Mai AS ma, wanda a gida ba ya jin komai, a can sama jini na iya toshewa a saifarsa, ya ji matsanancin ciwo a hagun cikinsa ta sama. Da yawa cikinmu AS ne ba mu sani ba sai wajen gwajin aure. A gaya wa likita, a gaya wa jagora. Haka kuma ƙasan dutsen akwai sauro, don haka zazzaɓin da ya biyo bayan dawowa a gwada maleriya.

Da na koma bakin aiki, a makon farko aka kawo mana wata uwa da jininta ya hau sosai. Kwana huɗu kanta na ciwo, idonta na ganin dishi-dishi, tana girki tana wanki, duk wanda ya tambaye ta sai ta ce da sauƙi. A da faɗa nakan yi wa irinsu. Ranar ban iya ba, don na san abin da ke bakinta. Mun taso an koya mana cewa mace ta gari ba ta raki. Muna tsoron kuɗin asibiti, muna tsoron a ce mun cika ƙorafi, muna tunanin wa zai kula da yara. “Da sauƙi” kalma ce mai kyau wajen amsa gaisuwa, amma wanda zai duba ki gaskiya yake buƙata: tun yaushe, a ina, sau nawa. Ciwon kai mai tsanani ga mai ciki, jinin da ya ƙi tsayawa bayan haihuwa, ƙullutu a nono, numfashin da ke sarƙewa: waɗannan ba a jira da su sai an gama hidimar biki.

'Yata ta tambaye ni a daren da na dawo, “Umma, kin kai ƙarshe?” Na ce mata a'a, jikina ya ƙi, na sauko. Ta ɗan yi jim, ta ce to me za ta gaya wa 'yan ajinsu? Na ce ta gaya musu Ummanta ta kai mita 4,670, kuma ta dawo da ƙafarta. Inna kuwa cewa ta yi, “Ai ni dawowar nake jira.”

Na shiga sabon adashe. In rai ya kai, hanyar kwana takwas zan bi, kuma duk abin da jagora ya tambaye ni zan faɗa masa yadda yake.

Ke fa 'yar'uwa, wane ciwo kike amsa wa da “da sauƙi” a 'yan kwanakin nan? Ki rubuto mana a ƙasa in kina so, amma kafin nan ki je a duba ki. Sai mako mai zuwa, Allah ya ƙara mana lafiya.