Tafkunan Ƙasar Kano da Baƙin Tsuntsayensu: Dukiyar da Aka Yi wa Riƙon Sakainar Kashi

Duk shekara idan ruwan sama ya ɗauke, sanyin hunturu ya fara kaɗawa, fadamun da ke bin kogin Hadeja daga Wudil, su ratsa ƙasar Ajingi, su nufi Ringim, sukan yi waɗansu baƙi waɗanda ba su neman izinin shiga ƙasa. Baƙin nan su ne agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa waɗanda ke gudo wa ƙanƙarar Turai da arewacin Asiya. Sukan ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka wajen Oktoba da Nuwamba, su koma wajen Maris da Afrilu. A ƙafar waɗansunsu har akan tarar da zoben ƙarfe mai lamba, wanda masana suka sa musu a can ƙasashen don bin sawun tafiyarsu.

Baƙin sukan iske 'yan gida: dinya, da kirinjijiya, da zalɓe, da balbela. Shamuwa kuwa tafiyarta dabam ce, da gabatowar damina take zuwa, shi ya sa manomin Balan ko Kademi a ƙasar Gaya idan ya gan ta bisa itacen gari sai ya fara gyaran gona. Kakanni sun hana yara jifar shamuwa, wannan hani kuwa tamkar dokar kare tsuntsaye ne a ƙasar Hausa, tun ba a san wata ma'aikatar gandun daji ba.

Duniya ta daɗe da sanin darajar wannan kogi. A 1971 aka ƙulla yarjejeniyar kare fadamu da dausayi a birnin Ramsar na ƙasar Iran. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin wuraren yarjejeniyar, a 2008 kuma aka ƙara da Baturiya ta Jihar Jigawa da tafkin Dagona na Jihar Yobe. Tun 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya taka har Dagona don ganin tsuntsayen nan. To, abin tambaya shi ne, ɗalibai nawa ne daga makarantun Gaya da Ajingi aka taɓa kai su ko da bakin fadamar da ke bayan garinsu da niyyar karatu?

Babban abin lura shi ne, makullin ruwan da ke rayar da yawancin wuraren nan yana cikin Jihar Kano. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da ta Challawa, wadda aka gama a 1992, su ke iko da yawancin ruwan da ke gangarawa Hadeja da Nguru. A da kogin yakan cika ya tumbatsa da damina, ya malale fadamu, ya ja da baya da rani. Da aka tare shi, ambaliyar da fadama ta saba da ita ta ragu, ga kuma ruwa yana tsiyaya rani da damina ba hutu. Irin wannan ruwa marar tashi marar sauka shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Hadeja, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsun janbaki mai cinye gero da shinkafa.

Wani zai ce, ana fama da tsadar abinci wa ke ta tsuntsu? Maganarsa abar dubawa ce, gama manomin da agwagi suka sauka a shinkafarsa ba zai yi musu maraba ba. Amma a tuna, ruwan da tsuntsu ke bi shi ne ruwan da kifi ke hayayyafa a ciki, shi ke fid da ciyawar da makiyayi ke dogara da ita da rani, shi ne kuma ke nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyin ƙauye. Ranar da tsuntsu ya ƙaurace wa tafki, masunci da mai lambu su fara ɗaure kayansu. Gauraka ya isa misali. Shi ake kira tsuntsun Nijeriya, amma kamu da bushewar fadamu sun sa yau da wuya a gan shi a dajin ƙasar nan.

Batun shaƙatawa ma haka yake. Audu Baƙo bai tsaya ga noman rani kaɗai ba, ya yi nufin jama'a su sami wurin hutawa, shi ya sa aka kafa gidan ajiye namun daji na Kano, aka kuma gina masauki a bakin tafkin Bagauda. Akwai zamanin da ma'aikaci kan ɗebi iyalinsa ran Lahadi ya nufi Bagauda ko Tiga. Daga baya masaukin Bagauda ya koma Makarantar Horar da Lauyoyi, al'adar fita shan iska a bakin ruwa kuma ta yi rauni. Ba kuwa za ta farfaɗo ba sai jama'a sun amince da ransu. Ba a manta da hatsarin ran 30 ga Nuwamba, 2021 ba, sa'ad da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ta ƙasar Ɓagwai, mutane fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Wajibi ne Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are ta tsara sakin ruwa yadda zai yi kama da cikar kogi ta asali, ta kuma riƙa sanar da mutanen Wudil, Ajingi da Gaya tun da wuri, don kada ruwan ya zo musu bagatatan. Ƙananan hukumomi, tare da hakimai da dagatai da sarakunan ruwa, su keɓe ko da tafki ɗaya a kowace gunduma inda za a hana harbi, da ɗana tarko, da zuba guba. Kada a bar jirgin fito ya tashi da lodin da ya fi ƙarfinsa, ko ba tare da rigunan ceto ba.

Ma'aikatar Ilmi kuma ga dama ta samu. Ran 2 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce Ranar Dausayi ta Duniya, ta kuwa faɗo daidai lokacin da baƙin tsuntsaye suka fi yawa. Malami ya fita da ɗalibansa da littafi da fensir, su ƙirga abin da suka gani, su tambayi tsofaffin masunta sunan kowane tsuntsu da Hausa, su rubuta kafin sunayen su bi masu su kabari. Wannan aiki ba ya bukatar kwangila ko baƙin ƙwararru.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Hikimar da ta kare shamuwa shekara da shekaru tana iya kare dinya da kirinjijiya, muddin hukuma ta ba ruwa hanyarsa, jama'a kuma suka ɗauki tafkin garinsu a matsayin amana. Allah ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.