Ƙarshen Windows 10: abin da ke jiran masu tsofaffin kwamfutoci a Nijar

Tun ranar 14 ga watan Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika gyare-gyaren tsaro na yau da kullum ga Windows 10, wadda ta fito a 2015. Kwamfutocin na ci gaba da tashi kamar da, shi ya sa lamarin bai tayar da hankalin jama'a ba a Yamai, Maraɗi ko Damagaram. Sai dai matsalar a sannu take shigowa.

Kafin manhaja ta sauka kan kwamfuta, takan duba wace Windows ce ke ciki da kuma lambar zubinta. Idan ta tarar da wadda ta gaza sharaɗinta, sai ta ƙi sauka, ko ta daina sabuntawa. An ga haka da Windows 7: Microsoft ya janye tallafinta a Janairun 2020, a farkon 2023 kuma Chrome ya tsaya a zubi na 109 a kanta. Masu gidajen intanet, makarantu da ƙananan ofisoshi na iya sa ran irin wannan da Windows 10.

Komawa Windows 11 ma ba kowace na'ura ke iyawa ba, domin ita ma sai ta binciki kwamfutar: tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, RAM na giga 4, ma'ajiyar giga 64, da ƙwaƙwalwar da akasari ba ta girmi Intel tsara ta 8 ba. Ko ƙarin wa'adin tsaro da kamfanin ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane zuwa Oktoban 2026, zubin 22H2 kaɗai ya shafa.

A nan haɗarin yake ga ƙasar da jama'arta da dama suka dogara da kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga waje. Na'urorin da ofisoshin Turai ke sallama saboda sun kasa wannan gwaji na iya ƙarewa a kasuwanninmu da farashi mai jan hankali, kuma araha ba ta ado.

Mai saye na da abin kare kansa kafin ya miƙa kuɗi. Rubuta winver a wurin bincike na nuna zubin Windows nan take, manhajar PC Health Check kuma na faɗin ko na'urar za ta ɗauki Windows 11. Wadda ta kasa, ana iya ɗora mata Linux, amma sai an tabbatar manhajojin aikin ofis ɗin suna tafiya a kanta.