Ɗan Alade da Kwalbar Jariri

Uwargida, idan yaronki ya shigo yana murnar ya yi "bibaron", kada ki ɗauka ya koma shan madara. Yaren 'yan fetank ne, wasan jifa da ƙwallayen ƙarfe da ya samo asali a kudancin Faransa, ana kuma buga shi a Nijar.

Ƙaramin ƙwallon da ake hari sunansa "koshone", wato ɗan alade. Idan ƙwallonka ya manne masa, ka yi "bibaron", kwalbar shayar da jariri ke nan. Wanda aka lallasa 13 da 0 kuwa ya yi "Fani", kuma a al'adar Faransawa shi zai sayo wa kowa abin sha, galibi barasar fastis.

Nan ne nas ta daina dariya. Barasa a tsakar rana tana ƙara yawan fitsari, jiki ya bushe, kuma hannun mashayi ba ya saita ƙarfe mai nauyin giram 700.

Ki bar shi ya buga, amma ki tambaye shi me mai "Fani" yake saya a filinsu. In zoɓo ne, madalla.