Diskin ne ya gaji, kwamfutar tana da sauran ƙarfi

A Gidigir, kamar sauran garuruwan da ke bakin babbar hanyar Damagaram zuwa Gure, kwamfutar tebur abin neman abinci ce. Da ita ake buga jarrabawar ƴan makaranta, da ita mai shago ke rubuta wa jama'a takardun neman aiki. Amma da zarar ta fara nauyi, a kunna ta a yi ta zaman jira, sai a yanke mata hukunci: ta tsufa, sai sabuwa. Ban yarda ba. Sau da yawa diskin da ke cikinta ne kawai ya gaji.

Tsohon diski faifai ne da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke shawagi a kansa yana karatu. Ƙasarmu ba ta raga wa irin wannan. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Shi kuwa sabon nau'in diski da ake kira SSD babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma yana karanta kimanin megabait 500 a daƙiƙa, ninki uku ko huɗu na tsohon. Idan injin yana da mahaɗin SATA, wanda ya bazu tun tsakiyar shekarun 2000, sauya tsohon da SSD bai wuce kwance ƴan ƙusoshi da sauya wayoyi biyu ba. Kuɗin SSD bai kama ƙafar kuɗin sabuwar kwamfuta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke cikin diskin. Sunayen ɗalibai da makinsu, lissafin bashi, hotunan biki na mutanen da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya: duk wannan ba a sayo shi a kasuwar Kano. Don haka kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya, a kwafe komai zuwa wani wuri. Tsohon diskin ma kada a ba yara su yi wasa da shi, a adana shi. Dalili kuwa, tsoho yakan yi ƙara ƙas-ƙas kafin ya mutu, SSD kan tsaya ba sallama.

Sabon diski ba ya gyara komai da komai. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, kuma tsofaffin injuna da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ga irinsu, Linux Mint kyauta ne, yana kuma buga takarda lafiya lau.

Wanda zai aika a sayo masa SSD daga Damagaram, ya nemi sabo a cikin kwalinsa, ya kuma sa mai gyara ya gwada girmansa a gaban ɗan aike kafin a biya.