Facebook Ba Rumbunka Ba Ne

Makalar wannan mako za ta ɗan yi zafi, domin magana ce a kan wani sakaci da muka mayar al'ada, har muka laƙaba masa suna ƙaddara.

Da wuya wata ya wuce ba a ga cigiya irin wannan ba: an sace wayata, don Allah duk mai hoton marigayi Baba ya turo mini. Sai mu yi ta jera "Allah ya mayar da alheri". Addu'a ta yi kyau. Amma babu mai tambayar bawan Allah: shekara biyar hoton nan yana cikin waya ɗaya tak, me ya hana ka kwafe shi? Waya ana sayen wata. Fuskar mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya fa, a wace kasuwa ake sayenta?

Abin kunyar shi ne mu jikokin masu adana ne. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, Nana Asma'u ta rasu a 1864, amma har yau ana karanta abin da suka rubuta. Takarda ba ta fi waya ƙarfi ba, gara na cin ta, ruwa na jiƙa ta, wuta na cinye ta. Abin da ya tsirar da rubutun shi ne almajirai sun yi ta kwafa da hannu, kwafi ya bazu gida-gida, gari-gari, daga baya irin su Waziri Junaidu suka tattara. Haka aka gani a Timbuktu a watan Janairun 2013: 'yan bindiga sun ƙona dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba, amma mafi yawan taskar garin ta tsira saboda tun da wuri an kwashe ta a ɓoye zuwa Bamako. Su da tawada da alƙalamin kara suka yi wannan. Mu da kwafi ba ya ɗaukar mu minti biyu, mun kasa.

Mutum uku nake tuhuma.

Na farko shi ne mai cewa "ai duk suna Facebook". Malam, zanen aro ba ya rufe katara. Shafin da ka buɗe gidan wani ne, ana iya yi maka kutse a kwace shi, ana iya rufe shi ba tare da an yi shawara da kai ba. Ko bai rufe ba, hoton da ka ɗora an matse shi an rage ingancinsa, haka ma wanda aka turo maka ta WhatsApp. Ranar da ka kai shi a wanke babba don a rataya a ɗaki, sai ka ga fuska ta yi dishi-dishi. Kuma kada girman kamfani ya ruɗe ka. MySpace ya taɓa zama kan gaba a dandalin sada zumunta na duniya, amma a 2019 ya fito ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora na sama da shekara goma sun salwanta a wurin sauya na'urorin ajiya. Haƙuri kawai aka ba su.

Na biyu shi ne mai shagon da ke buɗe wa mutane Gmail. Dattijo ko matar aure ta sayi sabuwar waya, yaron shago ya buɗe adireshi cikin gaggawa, ya sa kalmar sirrin da shi kansa zai manta kafin la'asar, wani lokaci ma ya sa lambar wayarsa. Mai waya ya tafi bai san yana da adireshi ba. Ranar da waya ta faɗa rijiya, ko aka yi mata fomatin a wurin gyara, hotunan na iya kasancewa suna nan a ajiye, amma mabuɗin ɗakin ya ɓata. Wannan cin amana ne ko da ba a yi shi da mugun nufi ba. In ka buɗe wa mutum adireshi, rubuta masa shi da kalmar sirrin a takarda, ka sa lambarsa, ka nuna masa yadda zai canja ta.

Na uku shi ne mai sayar da memori na jabu. Za a nuna maka an rubuta 64GB a jiki, farashi kamar kyauta. An yi masa dabara ne ya riƙa nuna girman da ba shi da shi. Da ainihin cikinsa ya cika, sai sabon hoto ya hau kan tsoho ya goge shi, kai kuwa kana ganin sunayen a jere kana murna. Sai ranar da ka taɓa hoton sunan ɗanka ya ƙi buɗewa. Araha ba ta ado.

Na san amsar da za a ba ni: data ta yi tsada, sabis kuma a ƙauyukan Kebbe sai an hau tudu. Gaskiya ne, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. To amma buɗe wayarka ka duba abin da ya cika ta. Furannin barka da Juma'a, bidiyon barkwanci, hoton shinkafar biki iri ɗaya sau goma sha biyu. Hotunan da za ka yi kuka idan sun ɓata ba su wuce ɗari biyu ba. Google na ba kowane adireshi 15GB kyauta. In kowane hoto ya kai 3MB, wurin zai ɗauki kusan 5,000. Wanda ke da datar kallon TikTok har ƙarfe ɗayan dare ba shi da bakin cewa ba shi da ta ajiye hoton mahaifiyarsa.

Sai dai shi ma Google ɗin ba a miƙe ƙafa a kansa. A ranar 1 ga Yunin 2021 ya daina ba da ajiyar hotuna mara iyaka kyauta. Daga Disambar 2023 ya ce yana iya goge adireshin da aka yi shekara biyu ba a shiga ba. Layin da ka jingine ba ka amfani da shi kuwa, kamfani na iya sake sayar wa wani, lambar dawo da adireshinka ta koma hannun baƙo. Kuma mu Sakkwatawa ba mu manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Abin da ke intanet kaɗai, a irin wannan rana yana nan amma hannunka ba ya kai gare shi.

Shi ya sa masana ajiya ke cewa a yi kwafi uku, ɗaya daga ciki ya kasance nesa da gida. Manomin Dogon Daji ko Kuchi ba ya bukatar a fassara masa wannan, ya san ba a zuba iri duka a rufewa ɗaya. Kwafi ɗaya a wayarka. Na biyu a Google Photos, da adireshin da kai ka san kalmar sirrinsa, a rubuce a littafin da ke cikin akwati. Na uku a filash mai kyau ko kwamfuta, a ajiye shi gidan ɗan uwa a Tambuwal ko Sakkwato, wurin da ba zafi ba laima, a riƙa buɗe shi ana dubawa ko sau biyu ne a shekara. In za ka tura wa ɗan uwa hoto don ajiya ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, ta haka ba a matse shi. Mafi muhimmanci guda ashirin ko talatin, a wanke su a takarda. Takarda ba ta bukatar caji.

Kada a tsaya ga hoton biki. A ɗauki hoton takardar gona, shaidar kammala karatu, katin asibiti, rasit na babur. Wanda ambaliya ko hari ya fitar daga gida daga shi sai rigar jikinsa, shi ya san darajar wannan.

Ga 'yan uwa mata, kafin waya ta je wurin mai gyara ko mai caji, a cire memori, a kulle ma'ajiyar hotuna. Hoton da bai kamata wani ya gani ba, mafi aminci kada a ɗauke shi tun farko.

Tawakkali bai hana a ɗaure dabba ba. A daren yau, kafin ka kwanta, zaɓi hoto goma da ba za ka iya sake ɗauka ba, ka tura su wuri na biyu. Sannan gobe ka karɓi wayar Inna da ta Baba ka yi musu haka, domin su ne aka fi cuta a wannan lamari. Masu shago da ke cikin zauren nan, ga fili, ku kare kanku in na yi muku ƙage.

Allah ya sa mu dace.