Kada A Kashe Tambayar Da Kwamfuta Ke Yi Kafin Gem Ya Buɗe

Daga Riƙo zuwa cikin garin Jibiya, da wuya a sami gidan da aka ware kwamfuta don wasa kaɗai. Laftof ɗaya ce 'yar gwanjo, an sayo ta Katsina ko Kano, ita ake buga takardu da ita, a cikinta ake ajiye lissafin shago da hotunan takardun makaranta, da yamma kuma yara su karɓe ta su buga ƙwallo. Mai irin wannan na'ura ya san akwatin da ke fitowa in an danna gem: allon ya dushe, Windows ta tambaya ko an yarda wannan manhaja ta yi canje-canje a kwamfutar. Yawancin mutane Yes suke dannawa ba tare da sun karanta ba, wasu masu gyara ma kashe tambayar suke yi gaba ɗaya don kada ta dami mai kaya. Ina ganin wannan ganganci ne, kuma nauyinsa na wuyan babban da ya mallaki na'urar, ba yaron da ke ɗokin wasa ba.

Kamfanin Microsoft ya shigo da wannan tsari ne a Windows Vista, wadda ta fito kasuwa a 2007, domin kafin nan kusan kowace manhaja na aiki da cikakken iko. Danna Yes tamkar miƙa wa baƙo makullan gida ne gaba ɗaya: zai iya shiga kowane ɗaki, ya kori mai gadi, ya ɓoye abin da ya ga dama. In gem ya nemi wannan iko sau ɗaya lokacin saka shi, ba abin mamaki ba ne, tunda zai rubuta fayiloli a wurin da Windows ke karewa. Wanda ke nema kullum kuwa, sai a tambayi dalili. Wani tsohon gem ne na zamanin Windows XP da ya saba ajiye ci gaban wasa a cikin foldarsa, wannan ana magance shi ta hanyar saka shi a wata folda ta mai amfani. Wani kuma yana ɗauke da manhajar hana maguɗi mai shiga can cikin tsarin na'ura. Na uku shi ne wanda aka fasa aka kwafo a filasha, ba a san hannun da ya taɓa shi ba, kuma shi ya fi yawa a wajenmu.

Haɗarin ba zato ba ne. A 2021 kamfanin tsaro na Avast ya fallasa wata muguwar manhaja mai suna Crackonosh da aka ɓoye cikin fasassun gem, har da Grand Theft Auto V da Pro Evolution Soccer 2018, wasannin da matasanmu suka fi so. Ta kama kwamfutoci sama da 220,000 a duniya. Aikinta shi ne ta kashe manhajar tsaro, sannan ta sa na'urar haƙo wa ɓarayin kuɗin kirifto, kwamfuta ta yi ta zafi, batir yana ƙarewa da wuri. A wurin da ake cajin laftof da janareta ko sola, wannan asara ce ta kuɗi kai tsaye. Ko gem na asali ma bai tsira ba: a 2022 masu bincike na Trend Micro sun nuna yadda masu kutse suka yi amfani da manhajar hana maguɗi ta Genshin Impact wajen kashe tsaron kwamfutoci.

Za a ce ai na'urorinmu ba kullum suke kan intanet ba. Gaskiya ne sabis na wahala a yankin, har an taɓa katse shi a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Katsina a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro. Amma filasha ba ta jiran sabis, tana yawo daga shago zuwa shago, har ta tsallaka Magama zuwa Maraɗi ta dawo, kuma ranar da aka haɗa laftof da waya don cike wani fom, abin da ke kwance ciki zai farka. Rashin intanet ma ƙara rauni yake yi, domin na'urar ba ta samun sabuntawa, ga shi Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.

Za a kuma ce gem na asali ya fi ƙarfin aljihu, da dala ake saye. Wannan ƙorafi ne mai nauyi, ba kuma zan raina shi ba. Sai dai matakin farko ba ya cin ko kwabo. Mai na'ura ya buɗe wa yara asusu na daban marar ikon admin, ya riƙe kalmar sirri a wurinsa, ta yadda duk abin da ya nemi iko sai an kira shi. Ya duba akwatin: in ya nuna sunan kamfanin da aka tantance, da sauƙi, in ya ce ba a san mai manhajar ba, ya dakata. Mai gyaran da aka kai wa laftof kuma a gaya masa ƙarara ya bar tambayar a kunne, kuma gem ɗin da ya ƙi tashi sai an kashe manhajar tsaro kada ya kwana a na'urar da ke ɗauke da takardun mutane.